Shekarar da Wardin Inna Ya Koɗe

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da gaisuwa daga Yayarki, da fatan takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki. Ya aiki, ya zaman nesa? Ya gwiwar da kika ce tana damunki? Mu nan lafiya, in dai zafin nan ya bar mutum ya ce lafiya. Rabonmu da iska mai daɗi har na manta. Keken ɗinkina ma in na taɓa ƙarfensa da rana sai na janye hannu.

Inna jiki da sauƙi. Ƙafa ta daina kumbura, tari ya tafi. Kan ne dai, Auta. Mantuwar da kika bar ta da ita wasa ce a kan ta yanzu. Da suna take mantawa, ko inda ta ajiye carbi, mu yi dariya har da ita. Yanzu gidan ne gaba ɗaya ya ɓace mata, gidan da ta haife mu a ciki. Kullum da safe sai ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali, ta sa takalmi, ta zauna bakin ƙofa ta ce mini, "Baiwar Allah, na gode da karamci, amma a mai da ni gida, yara na jirana." Ni ce baiwar Allah. Ni da nake mata wanka!

Na nuna mata gadonta, na nuna mata tukwanenta, na ɗauko hoton marigayi Baba na ɗora mata a cinya. Ta gane shi sarai, sai dai cewa ta yi wa ya kawo hoton mijinta gidan mutane. Shekaranjiya haƙurina ya ƙare, na ce, "Haba Inna, me kika gani da ya nuna miki nan ba gidanki ba ne?" Sai ta ɗaga hannu ta nuna wardin nan na bakin ƙofa, wanda ta dasa tun kafin a haife ki. Ta ce, "Nawa ja ne. Ja wur, har baƙi-baƙi yake yi a tsakiya. Wannan kuwa fari ne. Ni za a yi wa wayo?"

Na juya na dube shi. Gaskiyarta ce. Ni da nake giftawa ta gabansa kullum ban lura ba. Furannin bana ƙanana ne, sun koɗe, su ba ja ba su ba fari ba, kamar zanen da ya sha wanki. Itacen bai mutu ba, ganye kore shar, launin furen ne ya tafi.

To ke ce mai cin abinci da furanni. Shekara da shekaru kina can kina shayar da na mutane a rumfar gilashi, yau ga na uwarki. Ki gaya mini ciwon da ya kama shi da maganinsa, kuma kada ki yi mini dogon turanci. Abin da ya sa na matsu, Inna ba ta son cin abinci. Wai ba ta saba cika ciki a gidan mutane ba, loma kaɗan ta ture kwano ta ce ta gode. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Ki amsa da wuri.

Yayarki

*

Yaya tawa,

Na amsa sallama, na kuma durƙusa na gaishe ki daga nesa. Ya ɗawainiya? Allah ya saka miki, ya ba Inna lafiya. Ni ƙalau nake, gwiwar ce dai ta ƙi ni, don rabin aikin namu a durƙushe ake yinsa. A ɗakin canja kaya na karanta takardarki, ban iya jira in koma masauki ba. Da na zo wurin "baiwar Allah" sai da na shige bayan buhunan ƙasa na yi kukana na share ido na fito.

Ki kwantar da hankalinki, wardin ba ciwo yake ba. Zafi ne. Furen yana haɗa jan nan nasa ne tun yana dunƙule, kuma sai dare ya yi sanyi yake haɗa shi da kyau. In rana ta gasa shi, dare ma bai huce ba, sai ya yi gaggawar buɗewa bai gama haɗa launi ba, ɗan abin da ya haɗa kuma rana ta cinye. A nan wurinmu in ana son ja mai duhu, tagogin rumfa muke buɗewa da yamma sanyi ya kwana a ciki. Itace ɗaya ne, amma in kika ajiye furen da ya yi da zafi kusa da wanda ya yi da sanyi sai ki rantse ba uwarsu ɗaya ba. Ki tuna, ko muna yara ai yakan ɗan yi haske da bazara, Inna ta ce ya gaji a ƙyale shi. Sai dai bai taɓa kai yadda kika faɗa ba. Zafin bana ya wuce misali ke nan.

Ga abin da za ki yi. Ki kafa masa 'yar rumfa ta ɓangaren da ranar yamma ke dukansa, ke da ƙyallaye ba sa miki wuya. Ruwa da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Ki lulluɓe ƙasar gindin da busasshiyar ciyawa don ta riƙe danshi. Kuma don Allah kada ki bari Kawu ya zo ya antaya masa takin zamani, na san halinsa, shi komai taki ne maganinsa, ganye kawai zai ƙara. Wannan duk rage koɗewar zai yi, ba zan yi miki ƙarya ba. Jan da Inna ke nema sai sanyi ya shigo.

Ni ma lokacin nake tafe. Na roƙi shugabar sashenmu hutu, ta yi ta jan rai don lokacin ne aiki ya fi yawa, amma dai ta sa sunana a farkon sanyi. Ki gaya wa Inna ko ba ta fahimta ba. In Allah ya yarda tare za mu zaunar da ita gaban wardin, ke a dama ni a hagu.

Maganar abinci kuwa, ki gwada ce mata ita ta dafa jiya ta rage. Ko ki ce masu gidan sun fita, babu mai kallonta.

Yaya, wata tambaya, kada ki yi mini dariya. Yaran da take cewa suna jiranta, tana ambatona a cikinsu?

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Ciwon baya ya sa ni gaba, Inna kuwa ta rame har zobenta ya sulluɓe ya faɗa bokitin wanka, sai da na naɗa masa zare kafin ya zauna. Na daɗe ban rubuto ba don ba ni da labari mai daɗi, yanzun ma ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Duk abin da kika ce na yi. Na haɗa ragowar yadi na ɗinka rumfa, har maƙwabta na tambaya ko shago zan buɗe wa itace. Na tare Kawu a ƙofa da ledar takinsa. Wardin ya ɗan yi kamar zai gyaru, sai ruwan sama ya sauka ba ƙaƙƙautawa, ga zafi bai ragu ba. Furannin da ke dunƙule suka jiƙe suka manne, suka ruɓe ba su buɗe ba. Waɗanda suka buɗe gefensu ya yi ruwan ƙasa. Inna ta dube su ta taɓe baki ta ce masu gidan nan ba su iya riƙon fure ba.

Sai shaiɗan ya kawo mini dabara. Akwai wani jan yadi mai santsi da ya rage daga ɗinkin wata mata, launinsa sak na wardinmu na da. Na yayyanka shi, na nannaɗe, na ɗinke gindin. Kin san hannuna, abin da idona ya gani zan fitar da shi. Na tsinke koɗaɗɗun nan, na ɗaɗɗaure nawa a rassan da koren zare. Daga bakin ɗaki, wallahi ko ke sai kin matso. Kawu ya shigo ya ce, "Ah, ya farfaɗo! Na ce muku taki yake so."

Na fito da Inna. Auta, na ga fuskarta ta buɗe. Ta saki ƙullin kayanta ya faɗi, ta taka da kanta ba sanda tana cewa, "Ikon Allah, ikon Allah." Ta sunkuya ta shinshina. Ta sake shinshinawa. Sai ta kama ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta laluba ƙasansa ta samo ƙullin zaren. Na manta wa nake yi wa dabara, matar da ta fara sa mini allura a hannu. Ta juyo ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a idonta ba, ta ce, "Me na yi muku? Me kuke nema a wurina da za ku sha wannan wahala don ku riƙe ni?"

Tun ranar ba ta karɓar komai daga hannuna. Da baƙuwa ce a gidan mutanen kirki, yanzu gani take macuta ne suka tsare ta. In na shiga da kwano sai ta juya wa bango fuska. Sai maƙwabciyarmu mai kitso ta shigo ta lallashe ta, shi ma ɗan kaɗan take karɓa. Likita ya zo ya duba, ya ce jiki ba zai daɗe yana ɗaukar haka ba. Ni na jawo, na sani, kada ki gaya mini.

Kin tambaya ko tana ambatonki. Ke ma dai! Ni da nake kwashe mata fo ba ta san ni ba, sai ke da kike wata duniya? Kina can kina buɗe taga sanyi na shigo miki, kina aiko mini da ki gwada kaza ki gwada kaza. Kada ma ki wahalar da kanki da zuwa. Me za ki zo ki gani? Ki zauna ki ci gaba da shayar da furannin mutane, su ai ja suke yi.

Yayarki

*

Auta, ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina kuma cigiya. Lafiya kuwa? Na yi ta sintiri gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun ina bakin ƙofa. In gwiwar ce ta kwantar da ke, ki sa wani ya rubuto. In kuwa fushi ne, to ki yi ki gama, kin san bakina. Ranar da na rubuta waccan takardar ban ci ba ban huta ba, duk wanda ya gifta gabana sai ya samu rabonsa, ke ce kika gifta. Ko rabin abin da na rubuta ba na tunawa.

Inna na nan jiya i yau. Ruwa ya ɗauke. Sanyi kuwa ya makara, tsofaffin unguwa na cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Warhaka da mun fito da barguna, bana har yanzu mafici ne a hannun kowa. Amma jiya da na tashi na taka simintin tsakar gida na ji ya ɗan huce. Wardin kuma ya fito da sabbin furanni a dunƙule, da yawa, don na rage masa matattun rassa kamar yadda nake ganin Inna na yi. Kullum sai na tsuguna ina leƙen bakinsu ko ja zai leƙo. Mai kitso ta ce in na ci gaba haka, mu biyu za a riƙa jinya a gidan.

Na wanke miki ɗakinki, na shanya katifa. Ki rubuto ranar da za ki sauka Kawu ya tarbo ki a tasha. Na gaji, Auta, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ina son in ga wani a gidan nan da zai kira ni Yaya.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Ni lafiya, ki yi haƙuri da shirun da na yi.

Takardarki ta maganar furannin ƙyalle ta daɗe a ƙarƙashin matashina. Na fara amsa na yage, na sake na yage. A kan ƙyallen ba ni da abin cewa, da ina wurin da ni zan riƙe miki zaren. Ƙarshen takardar ne ya shige ni. Na karanta shi a tsaye, na karanta a zaune, ko zan ga wani abu daban, ban gani ba. Kin ce kada in zo. Kin ce me zan zo in gani. Ke ce a wurin, ke kika san abin da gidan zai iya ɗauka, kuma tun muna yara in kika ce a'a ban taɓa tsallakewa ba. Na yi ta juya abin har na ga ƙila gaskiyarki ce. Ga Inna tana tsoron fuskar da take gani kullum, ina ga wata baƙuwar fuska ta faɗo da akwati?

Don haka na bar wa wata abokiyar aikina hutuna, 'yarta ce za ta haihu. Na karɓi nata, wanda zai zo bayan sanyi ya wuce. An riga an rubuta, ta ma tafi. Kada ki ce fushi ne. Ko da akwai fushi a ciki kaɗan ne, sauran duk kunya ce. Kina tsammanin daɗi nake ji? Nan rumfa cike take da ja, layi-layi iya ganinki, ni nake yanka su in ɗaure a kai wa mutanen da ban sani ba. Akwai ranar da na tsaya da almakashi a hannu na kasa yankawa, har shugaba ta zo tana tambaya ko ba ni da lafiya. Sanyin da kuke roƙo nan har ya yi mana yawa, da ana zuba shi a buhu da tuni na aiko.

Abu ɗaya ya rage. In sanyi ya shigo ki cire rumfar nan, a lokacin wardin yana bukatar rana duka, ta safe da ta yamma. Kuma kada ki yi sanya, jan ba ya daɗewa in zafi ya dawo. Ki fito da Inna ranar da furannin suka buɗe, ba washegari ba.

Ki yafe mini nisan da na yi.

Auta

*

Auta,

Sallama. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba, ki ɗauka na yi. Jikina lafiya. Takardunmu sun yi saɓani a hanya, tawa na tafiya tana tambayar ranar saukarki, taki na tahowa da amsar da ban so ba. Haba Auta! Shekara nawa kina ƙanwata ba ki san fushina ba? Wa ya taɓa ɗaukar maganar da na yi cikin fushi ya yi aiki da ita sai ke? Amma ni na rubuta, hannuna ne, ba zan ɗora miki ba.

Sanyi ya zo. Ya zo a makare, amma ya zo. Takardarki ta iso ranar da na ga bakin furannin ya fara duhu. Na cire rumfar kamar yadda kika ce, ina cirewa ina zaginki ina kuka. Washegari suka buɗe. Ja, Auta. Jan nan na da, manya-manya, ƙamshi har cikin ɗaki.

Ban kira Inna ba, tsoro nake ji ta ce na sake yi mata dabara. Na dai bar ƙofarta a buɗe, na koma kan keke ina yi kamar ɗinki nake. Ta fito tana dafa bango. Ta daɗe a tsaye. Ta shinshina, ta murza ɗaya har ya ɓata mata yatsa, ƙaya ta soke ta ta tsotse wurin. Sai na ji ta ce, ko juyowa ba ta yi ba, "Wa ya yi wa itacen nan wannan mugun aski? An ce miki haka ake rage reshe?" Da muryarta ta da, ta faɗa. Sannan ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi. Ban san lokacin da na zube ƙasa na riƙe ƙafarta ba. Ta ce in tashi, ƙatuwa da ni, in kawo mata abinci yunwa take ji.

Ta ci ta ƙara, daga hannuna. Ta zaga gidan tana taɓa kaya, ta yi faɗa don an canja wa randa wuri. Ta tambayi Baba, sai ta tuna da kanta ta yi masa addu'a. Da ta leƙa ɗakinki ta gan shi a share, katifa a shimfiɗe, ta ce, "Auta na tafe ke nan." Na so in ce e, Allah ya sani na so. Amma na riga na yi mata ƙarya na ga abin da ta haifar. Na ce sai bayan sanyi.

Ta dubi hannayenta yadda suka bushe, ta ce, "Na daɗe ba na nan, ko?" Na ce kin daɗe, Inna. Na gaya mata komai, har da furannin ƙyalle. Wannan ya ba ta dariya, ta ce ƙullina ne ya tona ni, tun ina yarinya ban iya ɓoye bakin zare ba. Daga nan ta ɗaga kai ta dubi sama, ta miƙa hannu ta ji iska. Kin san ta fi mu sanin itacenta. Ta ce, "Sanyin nan ba mai zama ba ne. Ɗauko takarda da biro."

Bai zauna ɗin ba. Kwanaki kaɗan muka samu, hankalin Inna na tafiya yana dawowa, sannan zafi ya komo kamar bai taɓa tafiya ba. Jajayen suka zube, waɗanda suka biyo bayansu sun fito a koɗe. Ba sai na gaya miki sauran ba. Likita ya ce in akwai na nesa a sanar da su, ga shi na sanar. Ki roƙi shugabarku. In ta ƙi, ki zo lokacin da aka ba ki, ki tarar da abin da kika tarar. Ba ni da ƙarfin yi miki alkawarin komai, kuma ba na jin za ta ga wani sanyin.

Abin da ke ƙasa ita ta faɗa ni na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba.

Yayarki

"Auta, uwarki ce. Yau ina gida, na ci na ƙoshi, kuma na san ki sarai, har tabon da ke haɓarki da inda kika samo shi. An ce sai zafi za ki zo. To ba laifi, aiki ne. Ki karɓi yayarki ta yi barci, ta sha wahalata. In kin zo na ce miki wace ce, kada ki yi kuka a gabana, tsorata zan yi. Ki gaishe ni kawai, ki jawo kujera ki zauna kusa da ni. Ko na kore ki, kada ki tashi."